Motar da Ba Ta Sallama

Kolere, Mubi
6 ga Yuli, 2025

Zuwa ga 'yata Sumayyat,

Shekara goma sha biyu ke nan ko fiye, ina zaune a tasha ana yi wa tsohuwar akori-kurata facin taya, wani direban babbar mota da ya dawo daga Ikko ya ce wai an ƙera motar da ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta kuka. Wai jona ta ake yi da bango kamar dutsen guga, in ta ƙoshi a hau. Na ce masa jakin kakana ma haka yake, sai dai shi yana kuka. Aka yi dariya, na manta da zancen.

Kin ga na fara zuba ban gaishe ki ba. Laifin motarki ne, ta birkita min lissafi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya mutanen Abuja? Mu nan lafiya lau. Damina ta zauna, masara ta kai gwiwa. Ita kuwa gwiwar tawa tana nan yadda kika bar ta, da safe ta ƙi, da rana ta yarda. Innarki Adi tana gaishe ki. Ki gai da Winifred 'yar abokina Zacharia, tun da har yanzu gida ɗaya kuke.

Mota ta iso ranar Talata a bayan wata motar, kamar jinjiri a goye. Masu kafa sola sun gama aikinsu a kan rufin kwano, sun nuna min inda ake jona ta, suka tafi. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifinki. Da ƙanen nan nawa yana raye da ya ga abin da 'yarsa ta yi wa wansa. Useko, na gode.

To, amma ki ji. Na shiga, na taka birki, na danna maɓallin da aka ce in danna. Fitilu suka kama a gabana. Na zauna ina jira ta tashi. Na jira har ladan ya kira la'asar. Na fita na yi salla, na dawo na sake dannawa, fitilun suka mutu, na ƙara dannawa suka dawo. Na aika aka kira Ishiyaku bakanike, wanda ya yi shekara ashirin yana jinyar akori-kura. Ya zo da buhun sifanoninsa, ya ce in buɗe bonet. Muka buɗe. Sumayyat, babu komai a ciki sai wani rami mai shimfiɗa, kamar na ajiye kayan lefe. Ishiyaku ya leƙa, ya leƙa ƙasa, ya zagaya baya ya nemi salansa bai samu ba. Ya ce, "Alhaji, an cuci yarinyar nan. An sace injin a hanya."

Muna cikin jimami sai na shiga in kashe fitilun, ƙafata ta zame daga birki, hannuna kuma ya taɓa wani ɗan abu da ke kusa da sitiyari. Sai ga katangar gida tana tahowa. Ashe tun da farko a tashe take. Ishiyaku ya yi tsalle ya faɗa cikin kuɓewar Innarki. Da ya miƙe ya ce, "To in ta lalace me zan kwance?" Na ce ban sani ba. Ya ɗauki buhunsa ya tafi kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Na yi kwana huɗu ina koyo a cikin gari. Ƙafata ta hagu tana neman kuloci tana taka iska. Hannuna yana neman giya yana kama iska. In na ɗaga ƙafa daga totur sai ta ja da kanta kamar an riƙe mata wutsiya, alhali ban taka birki ba. Wannan ciwo ne ko haka halinta yake? Kuma shanu ba sa ba ta hanya. Jiya na bi garke tun daga gada har kusan kasuwa, a hankali, kamar ni ma cikinsu nake. Mai kiwon bai waiwayo ba sai da na sauke gilashi na yi masa sallama da Fillanci, ya zabura ya yar da sanda.

A gida ma ta jawo min. Da can tun ina kan kwana Innarki take jin akori-kura, ta sauke tukunya, ta gyara fuska. Shekaranjiya na shigo na same ta da maƙwabciyarmu Habibat tana kwaikwayon yadda nake minshari, har da karkatar da baki. Na tsaya a bayanta na ji har ƙarshe, don ban taɓa jin nawa ba. Yanzu ta ce motar da ba ta sallama ba motar mutanen kirki ba ce.

Ranar kasuwar Michika zan biya Vimtim in ɗauki Zacharia kamar kullum. Ban gaya masa ba, so nake in ga fuskarsa. Tsohon nan ya ƙara rigima. Ya daina karanta min jarida a hanya, wai duk ƙarya ce. A kasuwa kuma ya koyi riƙe min hannun riga, wai kada in ɓata. Akuya ma yanzu ba ya duban ta, sai ya shafa ta tun daga haƙori har kofato, ya ce ido yana ruɗin mutum, hannu ba ya ruɗi.

Zan ba direban Abuja wannan takarda. Na san za ki ce in yi waya. A waya mutum ba ya gama magana.

Bappanki,
Hammanjoda

*

Abuja
13 ga Yuli, 2025

Bappa,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ya jiki, ya gwiwa? Ina fatan kana shan maganin, ba ajiye shi kake yi a aljihun babbar riga ba. Ina gai da Inna. Ni lafiya lau, sai mura da ta ɗan taɓa ni ta wuce.

Mun karanta takardarka ni da Winifred, mun yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Ka gaya wa Malam Ishiyaku ba a sace komai ba. Injin ƙarami ne, yana ƙasa tsakanin tayoyi, batirin kuma shimfiɗe yake a ƙarƙashin kujeru. Jan da take yi in ka ɗaga ƙafa ba ciwo ba ne, wuta take mayarwa cikin batir. Lambar da ke gefen allo ita ce abin da ya rage. Kada ka bari ta sauka ƙasa da ashirin. Kuma kada a shiga da ita rafi a wanke ta a cikin mayo yadda kake yi wa akori-kura.

Batun shanu, Bappa, akwai hon a tsakiyar sitiyari. Ka riƙa dannawa.

Na saya maka ita ne saboda gwiwarka, babu kuloci, da kuma layin gidan mai da kake bi cikin rana. Ina jiran labarin fuskar Baba Zacharia.

'Yarka,
Sumayyat

*

Kolere, Mubi
27 ga Yuli, 2025

Sumayyat,

Gaisuwa da fatan alheri. Sannu da mura, Allah ya ƙara sauƙi. Muna lafiya. An yi ruwa kwana uku a jere, hanyar unguwarmu ta zama kunu. Maganin ina sha in na tuna.

Kin tambayi fuskar Zacharia. Na gan ta. Sau uku na gan ta, kuma da ban gani ba ya fi min.

Bari in tuna miki yadda wurin yake, kin daɗe ba ki je ba. Hanya tana nan, sai bishiyar ɗorawa, sai ɗan mayo mai duwatsun takawa, sai gidansa a hayi, kamar nisan jifa. Shekara ashirin da uku, tun muna malaman gona har muka yi ritaya, ga yadda muke yi: in iso gindin ɗorawa in tsaya, shi yana zaune kan benci a ƙofar gida da hularsa da sandarsa, ya miƙe ya tsallako, ya buɗe ƙofa ya ce, "Joda, ba ka mutu ba?" in ce, "Ina jiran ka fara." Mu tafi. Ba na sauka, don in na taka gidan sai an dama kunu, sai an kawo gyaɗa, sai an tambayi kowa da sunansa, kasuwa ta watse.

Hon kuma da kika ce in riƙa dannawa, a can ba na dannawa. Sau ɗaya na taɓa yi, ranar farko. Marigayiya Tabitha matarsa ta fito da muciya a hannu, ta tsallako mayo ta zo har taga ta ce, "Malam, nan gidan mutane ne, ba garken awaki ba." Tun ranar ban ƙara ba. Ta rasu shekara tara ke nan, amma duk lokacin da hannuna ya doshi tsakiyar sitiyari a wurin nan sai in ga muciyar.

To ranar kasuwa na sa farar riga, na iso gindin ɗorawa, na tsaya. Ga shi nan kan benci, da hula, da sanda, fuskarsa tana kallon hanya, tana kallon motar sosai. Na yi murmushi ina jira ya taso. Bai taso ba. Na ce gilashin baƙi ne, bai gane ni ba. Na sauke gilashi, na fito da hannu na ɗaga. Sumayyat, mutumin nan ya dube ni ido cikin ido, ya sosa kunne, ya yi hamma. Na yi kusan rabin sa'a. Da na ga abin ya zama wulaƙanci sai na ja na tafi Michika ni kaɗai. Na sayi akuya ba tare da shi ba, aka sayar min da mai gudawa. Ta nuna halinta a kujerar baya. Kada ki tambaye ni.

Mako na biyu haka. Mako na uku har fitilun gaba na kunna masa da rana tsaka. Ya ciro goro ya ɓare ya ci.

Na juya abin nan ta kowace fuska. Ban yi masa komai ba. Rabuwarmu ta ƙarshe lafiya, har ya ce hulata ta yi kama da murfin kwano. Innarki ta ce in kira shi a waya. In kira in ce me? In ce don Allah ka shiga motata? Shi da ya ga na zo har ƙofar gidansa, shi ya kamata ya kira. Bai kira ba. Abin da zuciyata take raya min, kuma ba na so in yarda, shi ne ya ga na hau abin da ya fi ƙarfinmu, ransa bai so ba. Ban san shi da hassada ba. Amma ban taɓa hawa farar mota a gabansa ba balle in sani.

Motar kuwa ba ta da laifi a tafiya. Tana hawa tudu kamar ba tudu ba. Na je Michika na dawo lambar tana kan arba'in da ɗaya. Wani abin mamaki, a gangara lambar ƙaruwa take yi. Na gaya wa Ishiyaku, ya ce to in riƙa bin gangara kawai. Kwanakin ruwan nan rana ba ta fito ba, wutar gari ma ba ta zo ba, sai muka jona ta da janareto. Innarki ta tsaya tana kallo ana zuba masa mai, ta ce, "Ashe dai tana sha, a ɓoye."

Shirun cikinta ne ya dame ni. A akori-kura ko kai kaɗai ne akwai mai yi maka surutu. A wannan, daga Vimtim har Michika babu abin da nake ji sai tunanina da cikin akuya. Wallahi da na san abin da za ta jawo min ke nan, da na ce a bar ta a Abuja.

Bappanki,
Hammanjoda

*

Abuja
17 ga Agusta, 2025

Bappa,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya Inna? Ka yi haƙuri da jinkiri, takardarka ta yi mako biyu a tasha, direban ya ba wani ajiya, wanin ya yi tafiya.

Na karanta layinka na ƙarshe ya fi sau goma. In ba ka son motar, Bappa, ba sai ka zagaya ba. Na san ban yi shawara da kai ba kafin in saya. Na ɗauka zan faranta maka ne. Na yi magana da mutanen da suka kawo ta, za su iya zuwa ƙarshen wata su ɗauke. Ba zan ji haushi ba. Na ji kaɗan, amma zai wuce.

Sai dai akwai abin da ban gane ba. Winifred ta kira babanta ranar Lahadi bayan coci, a gabana, murya a sake. Tun watan jiya ta gaya masa ka yi sabuwar mota. Ta tambaye shi ko ya shiga. Sai ya ce, "Wanda ya yi sabon mota yana neman sabon aboki." Ya ce duk ranar kasuwa yana wanka, ya sa hula, ya zauna kan benci tun safe har rana ta take, ba ka zuwa. Ya ce mako shida ke nan ko ƙurarka bai ji ba. Ya ce ba komai, shi dama warin awaki yake yi. Winifred ta yi kuka bayan ta kashe wayar.

Kai ka ce ka je sau uku. Shi ya ce ba ka je ba. Ban taɓa jin ɗayanku ya yi ƙarya ba sai a kan girman kifi. Ko gindin wata ɗorawar kake tsayawa? Ina tambaya ne kawai, kada ka yi fushi.

'Yarka,
Sumayyat

*

Kolere, Mubi
21 ga Agusta, 2025

Sumayyat,

Muna lafiya. Gwiwa tana nan. Innarki tana nan.

Wata ɗorawar? Ni da na san bishiyar nan tun tana kai min ƙugu? Sau shida yanzu, ba uku ba. Ban fasa zuwa ba ko sau ɗaya, ina zuwa ina tsayawa kamar mai neman aure da aka ƙi. Shi ya zauna ya zuba min ido, sannan ya gaya wa 'yarsa ban zo ba? To ɗayanmu ya haukace, kuma na tambayi Innarki ta ce ba za ta rantse a kaina ba.

Kada kowa ya zo ya taɓa motar nan. Wa ya ce ba na son ta? Ke kin karanta layi ɗaya kin bar takarda guda. Na ce ta jawo min, ban ce a ɗauke ta ba. Ke ma kin sha jawo min tun kina rarrafe, ban mayar da ke ba.

Ga abin da zan yi. Akori-kura tana bayan gida, kaji sun fara ƙwai a kujerarta. Na ce Ishiyaku ya zo ya tashe ta. Ya zo da gudu, har da waƙa. Ranar kasuwa da ita zan je. In ya taso, na gane farar motar ce ba ya so, sai in san irin zaman da zan yi da shi. In bai taso ba, ni ne ba ya so. Ko wanne ne, gara in sani.

Hammanjoda

*

Kolere, Mubi
7 ga Satumba, 2025

Zuwa ga 'yata Sumayyat,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe min takardar da ta wuce, da zafi na rubuta ta. Mu nan lafiya. An fara cin ɗanyar masara, Innarki ta ce za ta aiko miki. Gwiwa ta yi wani aiki da ban zaci za ta iya ba, za ki ji.

Ki nemi wuri ki zauna, kuma ki karanta wannan ke kaɗai tukuna.

Na je da akori-kura kamar yadda na ce. Kin san salansarta ta fashe tun kina makaranta, ana jin ta kamar ana fasa dutse. Ban ma kai ɗorawa ba, ina kan kwana, na hango shi ya riga ya miƙe. Kafin in tsaya ya kama hanya. Ya tsallako mayo, sanda tana gaba yana bin ta. Na ce a raina, to shi ke nan, hassada ce.

Ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna. Bai tambaye ni ko na mutu ba. Muka yi tafiya mai nisa, sai akori-kura ce kaɗai ke magana.

Can ya ce, "Sabon motan ya lalace ne, ka tuna da mu?"

Na taka birki a tsakiyar hanya. Na ce, "Zacharia, ka ji tsoron Allah. Sau shida ina zuwa ƙofar gidanka."

Ya ce, "Ƙarya kake yi, tsohon banza."

Na ce, "Na ɗaga maka hannu. Na kunna maka fitila. Ka dube ni ka ci goro. Ranar farko shuɗiyar riga ce a jikinka, ranar ta uku ka sa hularka a bai-bai, ranar ta biyar kaza ta hau bencin ka kore ta da sanda."

Ya ce, "Kazan nan, kana wurin?"

Na ce ina wurin.

Ya ce, "Dibora ta ce min wani farin mota yana tsayawa a ɗorawa in ta tafi gona, mutane suna cewa na masu auna fili ne." Dibora matar ɗansa ce, ita ke kula da shi. Sannan ya ce, "Amma ban ji komai ba, Joda. Ina kasa kunne tun safe. Babur na ji, jaki na ji. Kai ban ji ka ba."

Na ce, "Ji kuma? Ina ce kallona kake yi?"

Ya juyo da fuskarsa gare ni. Shekara nawa muna zama kafaɗa da kafaɗa, ni ina kallon hanya, shi yana kallon hanya, ban taɓa tsayawa na dubi cikin idonsa ba. Ranar na duba. Fari ne ya rufe su duka biyun, kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya ce shekara biyu ke nan abin yana ƙaruwa. Yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa. Duwatsun mayo ƙafarsa ta haddace su. A gida yana cewa ciwon baya ne ya sa shi riƙe sanda. Dibora ta sani, ya sa ta yi alkawarin rufe baki. Wayar ma ba ya ganin lambobi, sai dai in an kira shi ya laluba ya ɗauka. Ni kuma na zauna ina jira ya kira ni.

Jarida, hannun rigata, shafa akuya. Duk na rubuta miki su da hannuna ina yi masa dariya. Na ce, "Me ya hana ka gaya min?" Ya ce, "In gaya maka ka fara yi min magana a hankali kamar mara lafiya? Gara ka riƙa zagina." Na ce ai kuwa yanzu zan zage ka, na zage shi. Shi ma ya rama. Wani mai babur ya tsaya ya tambaya ko lafiya, ya ga tsofaffi biyu suna zagin juna suna share ido, ya ja babur ɗinsa.

Ya ce kada in gaya wa Winifred, za ta bar aikinta ta taho ta tayar da hankalin kowa. Na yi masa alkawari. Ban gaya mata ba. Ke na rubuta wa. Abin da ke faruwa a gidanku na Abuja ba ni da iko da shi. In har wani ya ji, to ya sani na tambayi wani likitan ido a nan, ya ce ga alama yanar ido ce, kuma irin wannan ana cirewa mutum ya gani, amma sai ya duba shi, kuma sai wani nasa ya sa hannu. Ni zan kai shi. Ba na son jinkiri.

Ranar kasuwar da ta wuce na koma da farar. Ishiyaku ya ba da shawara a ɗaure mata gwangwanaye a baya. Innarki ta ce a rataya mata ƙararrawar sa. Na ƙi duka. Na tsaya gindin ɗorawa, na dubi tsakiyar sitiyari, na ga muciya. Sai na buɗe ƙofa na sauka. Na tattare riga, na taka duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, gwiwa tana salati. Na isa gaban bencin na ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Ya zabura. Ya ce, "Joda? Ashe kana da ƙafa?"

Kamar yadda na ji tsoro, sai da aka dama kunu. Sai da aka kawo gyaɗa. Dibora ta fasa zuwa gona ta tambayi kowa da sunansa har ke. Mun isa Michika an sayar da awakin kirki. Ban damu ba.

Na riƙo shi muka tsallako, ko in ce shi ya riƙo ni, don ya fi ni sanin duwatsun. Ya shafa motar tun daga fitila har baya kamar zai saya, ya nemi salansa bai samu ba, ya ce namiji ne ko mace? Ya shiga ya ce kujeran yana warin akuya mai gudawa, wa ya zaɓa maka? Muka kama hanya. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Ka tayar da shi mana." Na ce ai tafiya muke yi. Ya ce ya sani, yana jin ramuka, amma na kashe inji na sake ta a gangara don rowar mai, halina ne tun muna aiki. Na ce babu mai. Ya ce to ka gani. Muka hau wani dogon tudu, na ce wannan fa? Ya ce shi ba ya ganin tudu, kada in yi masa wayo don ido ba ya nan.

Don haka ga ra'ayina game da motarki, tun da shi kike jira. Tana da kyau, ba ta wahalar da ƙafa, ban gane ta ba, kuma ba ta iya sallama, sai mai ita ya sauka ya yi. Ki bar min ita.

Labarin nan na motar da ba ta shan mai ba ta kuka, na fara jin sa a bakin direban Ikko, na ƙaryata. Na sake ji a rediyo, na ce sun rasa abin faɗa. Ke ma da kika faɗa min bara na ce to, don kada ki ji kunya. Muna dab da shiga Michika wani ya gyara zama a kujerar gefena, ya dafa min hannu, ya rage murya kamar mai ba da sirri, ya ce, "Joda, ka ji wai yanzu an yi mota da ba ya shan mai, ba ya kuka? Ni dai ban yarda ba." Wanda ya gaya min na ƙarshe ke nan, Zacharia na Vimtim, yana zaune a cikinta.

Bappanki,
Hammanjoda